Kurman da Aka Ce Ya Amsa Laifi

A unguwar kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Injin markaɗe gare ta a wani ɗan shagon kwano a bakin layi, tun safe yana ƙara har la'asar, shi ya sa ko a gida ba ta iya magana a hankali. Mijinta kan ce shi mata ya aura, aka haɗa masa da lasifika kyauta.

Ƙaninta Auta kurma ne tun haihuwa, ba ya ji, ba ya magana. Da uwarsu ta rasu ita ta riƙe shi, kuma maganar hannun da suke yi su biyu suka ƙirƙiro abarsu, babu makarantar da ta koya musu. Ya taso da wata ɗabi'a: duk wanda ya tsaya gabansa baki na motsi, sai ya gyaɗa kai, don kada mutum ya ga an wulaƙanta shi. Wankin kayan inji yake yi a wani garejin makanikai.

Wata rana da tsakar rana wuta ta tashi a garejin. Maigadi yana barci a ɗakinsa na katako, bai fito da rai ba. Mutane suka ga Auta yana gudu da galan ɗin fetur, suka rufar masa. Daga baya ya nuna wa Yaya cewa janye galan ɗin ya yi daga bakin wuta. Sai dai ranar da aka gurfanar da shi tana kwance a asibiti, an yi mata aikin haihuwa. Aka karanta masa tuhuma, alƙali ya dube shi ya tambaya ko ya aikata. Auta ya gyaɗa kai. Aka rubuta ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Yaya ba ta zauna ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce lauyan da aka ba shi bai ta da maganar tafinta ba a lokacin, don haka bakin alƙalami ya bushe. Shekaru suka yi ta tafiya, jaririyar da ta haifa har ta shiga makaranta. Duk ziyara Auta yakan ɗaga mata hannu ta bayan ragar ƙarfe da tambaya ɗaya: yaushe? Ita kuma ta juya tafin hannu, alamar saura kaɗan, tana jin kunyar hannun nata.

Wata lauya mai taimakon fursunoni ce ta kai maganar Kotun Ƙoli. Tun farko ta zaunar da ita a ofis.

"Yaya, ki gane, can ba za su tambayi wanda ya sa wuta ba."

"To uban me za su tambaya?"

"Ko gyaɗa kan mutumin da bai ji tuhuma ba amsa laifi ne. Da kuma ko shirun lauyansa ya isa ya kashe masa haƙƙinsa."

"In suka ce ya isa fa?"

Lauyar ta ce, "Babu wata kotu gaba da su, Yaya."

Ranar hukunci ta rufe shago, ta bi lauyar. Ɗakin sanyi ƙalau, shiru kamar babu mai numfashi. Babu shaidu, ba a ma kawo Auta ba. Alƙalai biyar suka shigo, kowa ya miƙe. Na tsakiya ya buɗe takardu ya fara karatu da sauri cikin yaren kotu, wanda Yaya ba ta tsintar komai a ciki. Ta zuba wa bakinsa ido. Ta koma kan bayan lauyarta, ko kafaɗa za ta gaya mata wani abu. Wani mutum a gefenta ya raɗa mata magana, kunnenta da inji ya cinye bai kama ba, ta ji kanta yana shirin gyaɗawa. Ta riƙe wuyanta da sauri.

Na tsakiya ya gama, wata alƙaliya ta ɗauka, fuska a murtuke. Lauyar ta daina rubutu. Ta waiwayo, ta ɗaga wa Yaya hannu, alamar ta dakata. Yaya ta damƙe bakin benci har yatsunta suka yi tsami.

Sai a baranda lauyar ta kama hannunta.

"Sun soke hukuncin. Dukkansu sun ce gyaɗa kai ba amsa ba ce sai mutum ya san abin da aka tambaye shi, kuma nemo tafinta aikin kotu ne, ko lauya ya roƙa ko bai roƙa ba. A kan abin da za a yi yanzu ne suka rabu. Biyu sun ce a sake..."

"A sake shi ko a sake ta?" Muryar Yaya ta cika barandar, har ɗan sanda ya waiwayo.

"Biyu sun ce a sake shari'ar daga farko. Uku sun ce ya daɗe a tsare, a sake shi ya tafi gida."

Yaya ta zauna nan a ƙasa.

Auta ya fito da furfura a gemu. Ya daɗe ba ya iya barci sai an kulle ƙofa, kuma ko layin garejin ba ya bi. A hankali ya samu aiki a gidan burodi, yana ɗaukar tire.

Bayan dawowarsa ne wata tsohuwa ta zo shago ba tare da bokiti ba. Ta tsaya har layi ya ƙare, sannan ta ce ita ce matar maigadin.

"Na ji an sako ƙaninki. Ban zo faɗa ba, 'yata. So nake wani ya gaya mini wa ya kashe mini miji."

Yaya ta kashe injin. Ta goge benci da gefen zaninta, ta ce, "Zauna, Inna. Wallahi ni ma ban sani ba." Tsohuwar ta zauna, masu markaɗe suka yi ta taruwa a waje suna jira.