Ranar da Na Ɗaga Kai

A gidanmu na Toranke ba a kallon babba a ido. Mu Fulani ne da suka zauna suka kama noma. Shanu sun ƙare, kunya ba ta ƙare ba. In Baffa, wato mahaifina, yana magana, ka durƙusa ka zuba wa ƙasa ido har ya gama. A haka na tashi.

Shekarar da na gama sakandare Baffa ya yanke magana: in aka gama girbi ban sami abin yi ba, zan bi ƙaninsa Legas tura baro. Yayana ya yi wannan tafiyar, mota ta take shi a bakin kasuwa, aka dawo mana da shi yana jan ƙafa. Ni ko sunan garin ba na son a ambata. Amma wa zai ce wa Baffa a'a?

Ana haka na shiga wani shirin matasa da ake yi ranar Asabar a wata firamare a Ajingi. Kowa zai zaɓi sana'a, ya yi wa gari aikin sa-kai, a kuma koya masa yadda ake neman aiki. Na zaɓi gyaran injin ban-ruwa, hannuna kuwa ya faɗa da wuri. Muka yashe magudanan kasuwa, har aka ba ni jagorancin rukuninmu. Duk wannan bai dame ni ba. Inda na sha wuya shi ne wajen wata malama 'yar Kano da ke gwada mu da intabiyu.

"Kai Bafulatani, ga ni nan sama, me ka ajiye a ƙasa?" in ji ta. Aji ya kwashe da dariya. Ta ce, "Me ka iya?"

Na ce, "Muna dai taɓawa."

"Taɓawa? Injin da ka kwance jiya-jiyan nan ka mayar ya tashi? Mai aiki ba boka ba ne, in ba ka faɗa ba ina zai sani?"

Haushi ya kama ni. A raina na ce ke da ba ki san gidanmu ba! A wurinmu wanda ya ce "na iya" a gaban manya marar tarbiyya ne. Amma ba ta ƙyale ni ba, duk sati sai ta zaunar da ni a kujera ta sa na dube ta. A hankali na fara iyawa, da ita dai.

Gero ya shiga rumbu, ƙanin Baffa ya fara zancen mota. A makon nan shirin ya tura mu wani shago a Gaya da ke neman yaron gyaran injuna. Wannan ce kaɗai damata, na kuma sani. A kan babur har Gaya bakina bai daina addu'a ba.

Ina shiga na ga mai shagon, ashe na san shi. Alhaji ne mutumin Balan, aminin Baffa, wanda ya yi min huɗuba da aka haife ni. Inna lillahi! Wannan zan zauna a kujera in ƙura wa ido? Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba, sai ga ni a durƙushe, takalmi a bakin ƙofa.

Muka gaisa. Ya ce, "To ɗana, me ka iya?"

"Muna dai taɓawa, Baba."

Ya ce Allah ya yi albarka, in gaida gida. Na ji ya ce wa yaronsa ya kira mai neman aiki na gaba. Shi ke nan fa. Wallahi a take na tuno yayana ana sauke shi daga mota. Tsoron Legas ya danne tsoron Alhaji.

Na miƙe, na ja kujera na zauna. Na dube shi. Na ce, "Baba, ka yi min afuwa. Na iya. Ina kwance inji in mayar, ina wanke kafireta, daga ƙara ina gane in ruwa ya shiga mai. Ga wancan a lungu, a ba ni shi yanzu."

Ya daɗe yana kallona. "Ɗan wa ke nan da wannan ido?" Ya nuna injin da haɓa. Na ɗauki sifana na kwance shi na mayar, injin ya tashi. Ya ce in fara ranar Litinin, ya ƙara da cewa, "Sai na gaya wa ubanka yadda ka tsare ni."

Wannan maganar ta hana ni murna duk hanya. In Baffa ya ji na yi wa amininsa tsaurin ido, ina zan sa kaina? Gara ya ji daga bakina.

Na same shi bayan la'asar a rumfa yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na fara bayani, ina cikin yi kaina ya ɗago da kansa, ya riga ya saba. Na dubi fuskarsa. Idon Baffa na hagu ya yi fari fat, na daman ma yanar ido ta fara rufe shi. Ba ni yake kallo ba, gefena yake kallo, inda yake zaton nake.

Na ce, "Baffa, idonka... tun yaushe?"

Bai daina ɓarar gyaɗar ba. Ya ce, "Tun daminar bara. Wa zai gani?"