Ranar da Baba Ya Ƙi Tsallake Sira

Ko da na kai shekarun manta inda na ajiye tabarau, ba na jin zan manta yammacin da na kai Baba malahi, wato filin wasan nan mai lilo da jiragen yara da ke bakin gari. Ranar ce ta ƙarshe da ya yi a Makka.

Baba ya shigo ƙasar nan ta Sudan tun yana saurayi, ya tsufa yana sayar da turare da carbi a unguwar Misfala. Da gwiwa ta fara ƙi, sai ya ce Kano zai koma wurin ƙannensa. Mun yi roƙon duniya, ya ce ya gama magana. Aka tsayar cewa da an yi magariba mota za ta ɗauke shi, ya yi ɗawafin bankwana, sai Jidda.

To, akwai alkawari tsakaninsa da 'yata, wadda yake tsokana da suna Amarya. A unguwar Utaibiyya ta nan Makka aka haife ta, Larabci ya cinye mata baki, Hausa sai dai ta ji amma ba ta mayarwa. Kowace Salla yana ce mata zai hau babban lilon nan mai juyawa kamar taya tare da ita, kowace Salla kasuwa ta hana. Da safen nan ta tsaya kan akwatinsa ta ce da Larabci Jaddi, wato kakanta, bai cika alkawari ba. Na rantse a raina yau sai sun hau.

Muna isa muka tarar da cunkoso. Hutun makaranta ake yi, sira, wato layin jira, ya yi gwiwa ya sake yin gwiwa. Na san kuma da an kira salla za a kashe injin. Sai na wuce taga na sayo mana abin hannu guda uku, irin wanda in ka nuna shi ake buɗe maka wata ƙofa ta gefe, ka wuce kowa. Na dawo ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Baba ya dubi abin da na ɗaura masa. "Wannan awarwaron fa, tsofai-tsofai da ni?"

Na yi masa bayani. Ya dubi ƙofar gefen, ya dubi mutanen da ke tsaye suna fifita da kwali, sai ya nemi benci ya zauna.

"'Yar nan, na bi sira wurin karɓar iƙama, takardar zama, na bi wurin burodi, na bi wurin Zamzam, ban taɓa ƙetare wuyan kowa ba. Sai yau da zan bar garin zan tafi da haƙƙin mutane?"

"Baba, tsarin wurin ne. An biya fa."

"Su kika biya, ko masu wurin?"

Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Ga rana tana sauka, ga yarinya ta cika ido da hawaye, ga tsoho ya kafe. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ce, "In sun yafe za ka hau?" Ya ce in sun yafe, duka.

Ni da ko farashi nake kunyar tambaya a kanti, sai ga ni ina bin layi daga kai har wutsiya, ina nuna tsoho a kan benci. "Samihuna, ku yafe mana. Yau zai bar Makka, kuma ya yi wa jikarsa alkawari." Wasu suka ɗaga kai kawai, wasu suka yi dariya da suka ga abin hannuna, don sun san ba na bukatar izinin kowa. Wani dattijo ya dafa ƙirji ya ce Allah ya kai shi lafiya.

Wata mata ce kaɗai ta ƙi. Ta ce tun la'asar take tsaye saboda 'yarta, kowa da uzurinsa. Gaskiyarta ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na koma na gaya wa Baba saura mutum ɗaya, ya ce mutum ɗaya ma mutum ne.

Sai na cire nawa awarwaron, na koma na ɗaura wa 'yar matar, na ce ta shiga gaban Baba. Matar ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce ta yafe. Haka na tsaya a ƙasa, ina kallon farar hularsa tana yin sama tana ƙanƙancewa. Na so a ce ina gefensa, har yau ina jin wannan a raina. Suna saukowa ladan ya ɗaga murya.

A mota na tambayi Amarya me suka gani. Sai ta buɗe baki da Hausa, tana maimaita abin da Baba ya faɗa mata a sama, da irin maganarsa sak, karo na farko da na ji ta haɗa magana cikakkiya: "Can ne unguwar Jarwal. Can ne shagona. Can bayan dutsen kakarki take kwance, ki riƙa yi mata addu'a."

Baba bai sake ganin Makka ba, a Kano ya rasu. Ita kuwa ta girma, kuma har yau da Hausa take yi musu addu'a su biyun.

Har yanzu in na kai yara malahi nakan sayi abin hannun, ban ce laifi ne ba. Amma ranar na koyi cewa kuɗi ƙofa kawai suke buɗewa. Wanda ka wuce yana nan tsaye da ƙafarsa, kuma shi kaɗai ne zai iya yafe maka.