Fim ɗin kaboyin da Baba ya aike ni nema

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da na fara zuwa Guangzhou saro takalma, mahaifina ya ba ni wani saƙo. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ko zaure ba ya iya fita. Ya ce, "An ce babu abin da babu a can. Ka nemo min wani fim ɗin kaboyi da na gani a silima ina saurayi."

Na ce, "Baba, yaya sunansa?"

"Ina zan sani? Marar kala ne, akwai doki, akwai wani mai gashin baki."

Kwana uku muna bin shagunan faifai a titin Huanshi Lu, ni da wani abokina ɗan Maraɗi. Ba mu jin Sinanci, sai in tsaya tsakiyar shago ina kwaikwayon sukuwa, in miƙe yatsu biyu in ce "tau! tau!" Su yi ta dariya suna cewa "meyo", wato babu. Wata ma faifan tseren dawaki ta miƙo min.

Sai a unguwar Liwan wani tsoho ya zaro faifai daga ƙasan kwali, ya sa mana a talabijin ɗinsa. Ga kaboyi nan da huluna, amma Sinanci suke yi. Aka harbe mai gashin baki, ya faɗo daga doki. Jim kaɗan sai ga shi a kanti yana sayar da kaya.

Abokina ya ce, "Tagwaye ne, mutumina."

Na ce, "To wannan da ke haƙa masa kabari fa? Ai shi ne kuma!"

Dutse ɗaya suka yi ta wucewa a guje, har na fara gane shi. Tsohon ya shiga yi mana bayani da hannu, ya ƙara dagula mu. Daga baya aka ce min masu fim ɗin ne ba su da ƙarfin ɗaukar 'yan wasa da yawa, shi ya sa suke ta maimaita mutum ɗaya. Na dai saya, zuciyata ba ta kwanta ba.

Da na dawo Kano na aro na'ura na sa wa Baba. Ya kalla har ƙarshe. Na ce, "Shi ne, Baba?"

Ya ce, "A'a." Can kuma ya ce, "Ko kuwa... mayar da shi farko."

Haka ya riƙa kallonsa kusan kullum. Duk wanda ya zo dubiya sai ya fassara masa labarin, kuma kowace rana labarin daban. Shekara ta zagayo ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Har yau ban san ko fim ɗin ne ba, ina jin shi ma bai sani ba. Abin da ke min ciwo, duk shigata ɗakin tambayar "Shi ne?" kawai nake yi masa in fita. Sau ɗaya tak na zauna muka kalla tare.