Katar-ban-sez

Taubashina mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Mayahi, shekara da shekaru yana koya wa yara kalkil, lissafi ke nan, da bulala a hannu. Bayan ya aje aiki hawan jini ya kada shi. Ya tashi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har jarida yana karantawa. Muka ce Alhamdu lillahi.

Ana nan matarsa ta tafi Tasawa wankan jegon ɗiyarsu. Sati uku bai kira ta ba ko sau ɗaya. Ta aiko mini da saƙo cewa in ta shi ta bi, sai dai ya ga kayanta sun biyo ta. Ni kuwa abin nema ya samu, na saɓa mayafi na tafi tsokana.

Na iske shi a zaure yana hararar salula.

"Mushe, an yi sabuwar budurwa ne aka manta da tsohuwa?"

"Ke dai ba ki da aikin yi. Layin ne ba ya shiga."

Na ce ya gwada in gani. Mu nan lambar waya bibbiyu muke faɗinta, da Faransanci. Ya rero ta tsaf da ka, ba gargada. Sai ya ce katar-ban-sez, wato tasa'in da shida, ya danna huɗu don katar, ya danna ashirin don ban, ya danna sha shida don sez. Abin da kunne ya ji shi yatsa ya rubuta! Na yi dariya har da riƙe ciki. Da na ɗago na dube shi, wallahi sai kunya ta kama ni.

Daga baya likita ya ce mana a ƙwaƙwalwa hanyar faɗin lamba daban, ta rubuta ta daban, ciwon ya datse ɗaya ya bar ɗaya. Ranar dai ban san wannan ba. Na ce, "Bar Faransancin nan, ɗan boko. Tara. Shida." Ɗai-ɗai da Hausa, yana lalube yana tsaki, har ta shiga.

"Sai yau?" in ji matar, har ni ina jiyo ta.

Na ɗauka layi zai sake ɗora wa laifi. Sai na ji ya ce:

"Hajiya, kullum sai na kira ki. Lamba ce ta ɓace mini, na kasa gaya wa kowa."