Sawun Ƙwallo a Jan Fili

Wata Asabar ce a ƙarshen kakar 1977, bayan sallar la'asar. Ina 'yar shekara tara, ina zaune a bakin benci a gefen filin tanis na ma'aikata, can bayan gidajen gwamnati ta wajen hanyar Kawo. Babana, Malam Isiyaku, akawu mai buga tafireta, ya kai wasan ƙarshe na gasar shekara, zai kara da amininsa Kawu Shehu. An cika maƙil, har da babban sakataren ofishinsu a kujerar gaba, yana kaɗa ƙafa. Kowa na jiran wasa, ni kuwa idona na kan Baba, domin ni da Inna kaɗai muka san idonsa ya fara tafiya. Idan ofis suka gane, aiki ya ƙare, gidan da muke ciki kuma na gwamnati ne.

Filin nan yana da tarihi, kuma dattawa ba sa gajiya da ba da shi, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Wai tun zamanin Turawa, da akawuna suka ga ba a barinsu shiga kulob ɗin Turawan su buga tanis, sai suka ce to, ai ƙasa ba ta ƙare ba. Suka kwaso jar ƙasar suri daga dajin Rigachikun, suka daka, suka tankaɗe, matansu suka zo da madaɓai suka daɓe ta kamar ɗakin amarya. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara, mako guda kafin gasa, gida-gida ake fitowa: maza su ja rolar danne ƙasa, mata su yayyafa ruwa, mu yara mu dama farar ƙasa ta zana layi, mu koma gida kamar an tono mu, mu sha faɗa.

Amma babbar al'adar ita ce ba a sa alƙali. Jar ƙasa tana riƙe sawun ƙwallo, don haka idan an yi shakka, wanda ƙwallon ta faɗa gefensa shi zai je ya duba, ya kewaye sawun da bakin raket ɗin da yake bugu da shi, ya faɗi abin da ya gani. Maganarsa ita ce hukunci. Abokin wasa ba ya tsallaka raga ya duba, yin haka daidai yake da ce wa mutum maƙaryaci a bainar jama'a. "Ƙasa ba ta ƙarya, sai dai mai duba ta," in ji su, kuma ba a taɓa jin wanda ya tsallaka ba.

A gida kuwa mun daɗe muna rufa-rufa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Tafireta ba ta dami Baba ba, yatsunsa sun san hanya. Karanta rubutun hannun manya ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, sai ya riƙa fakewa da ciwon kai, yana sa abokan aiki su karanta masa. Ƙwallayen zamanin farare ne, kuma da sun ɗan yi birgima a fili sai su rine, su saje da ƙasa. Ni ce mai wanke na Baba da sabulu da soso, in shanya su a kan kwanon kicin. Inna ta roƙe shi ya haƙura da gasar bana, har da hawaye. Ya ce in bai fito ba ne ma za a fara tambaya. Baba akwai taurin kai, Allah ya jiƙansa, kuma ni na gado shi kaf.

Da farko wasa ya yi masa kyau, don da sauran hasken rana, kuma da kunne yake rabin wasansa. Amma Kawu Shehu ba kanwar lasa ba ne, aka yi ta ja-in-ja har inuwar dalbejiya ta rufe gefen Baba, ƙwallaye suka yi jajawur. Saura maki ɗaya Baba ya ci kofi, sai Kawu ya sheme wata doguwa, ta faɗi can kusa da layin baya. Wasu suka ce ta shiga, wasu suka ce ta fita, sannan aka zuba wa Baba ido.

Ya taka ya je, ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Daga inda nake ina ganin sawun ƙiri-ƙiri, shi kuwa yana dubawa kamu guda nesa da wurin. Na riƙa addu'a a zuci: Baba, ka faɗi kowace ce mana. In ya ce ta fita, kofi nasa ne. In ya ce ta shiga, a ce dattijo ya yi adalci, a ci gaba da wasa. Ko ta ina asirinmu a rufe yake.

Sai ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce, "Shehu, zo ka duba mini."

"Haba Yaya," in ji Kawu. "Gefenka ne. Abin da ka ce shi ne."

"Ba zan faɗi abin da ban gani ba. Ba na gani, Shehu. Zo."

Kawu Shehu ya ajiye raket, ya kewayo ta gefen raga kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya duba, ya ce ta fita. Baba ya ci kofi ke nan, amma tafin da aka yi ko kaza ba zai kora ba. Na ga sakatare ya daina kaɗa ƙafa. Ni dai kuka na fashe da shi, kuma ba na murna ba ne, haushi ne tsantsa.

Kafin damina ta faɗi an sallami Baba bisa dalilin lafiya. Muka kwashe kaya muka koma haya a Kawo, ɗaki biyu kusa da tasha, Inna ta fara suyar ƙosai, ni na zama 'yar jagora zuwa masallaci da kasuwa. Na daɗe ina fushi da shi. Wata rana na kasa daurewa, na ce me ya hana shi faɗin kalma ɗaya. Sai ya ce, "Uwata, mutane sun ba ni amanar ido, ni kuma ba ni da shi." Bai ƙara ba, ban kuma sake tambaya ba.

Yanzu wurin shaguna ne, an malale shi da siminti, kuma ban san ko akwai wanda ya tuna an taɓa yin wasa a can ba. Jikokina sukan kunna babbar gasar jan fili ta ƙasar waje a talabijin, in ga alƙali ya sauko daga doguwar kujera yana nuna sawu da yatsa, 'yan wasa na musu da shi, ana maimaita hoton a hankali. Sai in tashi in ba su wuri. Na girmi Baba na wancan lokacin da shekaru masu yawa, na kuma san tsadar rufin asiri, kuma wallahi da ni ce a filin nan da na faɗi kalmar na wuce. Shi ya sa har yau nake kewarsa.