Algaitar Turawa da Mai Kumatu

Ni 'yar Kusada ce, aure ya kai ni Kankiya, kuma a jeren ɗakina akwai abin da babu a ɗakin kowace mace a garin. Sama da tasoshi da kwalla, a jikin ƙusa, algaitar Turawa ce ta tagulla, wuyanta a lanƙwashe kamar na raƙumi. Maigidana yana ce mata saksafon. Ni dai ban taɓa wahalar da harshena ba.

Shekarar da aka samu mulkin kai, maigidana ya tafi Kano neman aikin akawu, sai ya ɓuge da busa. Wani tsoho ɗan Saliyo da ke busa a otal shi ya koya masa kiɗan da suke kira jaz, kuma da haƙoran tsohon suka gaza, ya miƙa masa ita. Shi ma tsohon, wani baƙar fatan Amurka ne, ma'aikacin jirgin ruwa, ya ba shi ita a Ikko. Ƙa'idarsu ke nan: ba a sayar da ita, ba a barin ta ta yi shiru. Mai numfashi ake ba.

Da kuɗin fetur suka zo, masu otal suka sayi kaset da lasifika, aka sallami makaɗa. Ya dawo gida noman gyaɗa, da tari a ƙirji. In ya ɗauke ta zai busa, tarin ya sarƙe shi. Abinci ma ya daina shiga. Abin da ke cin sa, kada ya mutu amanar mutane ta mutu a hannunsa.

A wajenmu kuwa busa gado ce. Danginsa ma'aikatan En'e ne, wato hukumar gargajiya, wa zai ba da ɗansa a riƙa ce masa maroƙi? Yayansa cewa ya yi a kai wa maƙera su yi mini mundaye. Na ce, "Yaya, hannuna bai kawo maka ƙara ba."

Ranar kasuwa na aika aka kira mai algaita na garin Kunduru, wanda ya yi busa a bikina, mai kumatu kamar ya ɓoye goriba biyu. Suna zaure da maigida, ni ina bayan ƙyaure. Mai algaita ya juya ta, ya juya, ya ɗaga murya don in ji: "Uwar ɗakina, wannan ai ba gadona ba ce. Maɓallanta sun fi na rigar ɗan sanda."

"Busa dai," na ce. "Ko kumatun na ado ne?"

Ya yi mata yadda ake yi wa algaita, ya zura bakinta duka cikin nasa, ya cika kumatu. Kukan da ta yi, jakin maƙwabta sai da ya amsa. Maigida, da na manta yadda dariyarsa take, ya yi ta har da hawaye. "Kai, ba haɗiye ta za ka yi ba! Ɗora haƙora a sama, naɗe leɓen ƙasa."

Daga nan duk kasuwa sai ya zo. Maigida na kishingiɗe yana gyara masa yatsu, ni ina aika musu fura. Kumatun ne suka ƙi gyaruwa, kuma ashe alheri ne, don masu algaita ta hanci suke jan iska, busa ba ta yankewa. Wata la'asar ya kama sautin da ɗan Saliyo ya fi so, ya ja shi, ya ja, ya karkata shi har ya koma kamar taken manoma a gayya. Na leƙa. Maigida ya rufe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

Da aka gama ya ce in kawo goro. Ya ɗora a kanta, ya tura gaban mai algaita, ya faɗa masa ƙa'ida.

"Ranka ya daɗe, ni in na tsufa fa?"

"Ka nemi mai numfashi."

Ranar maigida ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya ga wata daminar kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ya tafi hankali kwance. Ƙusar tana nan, ban rataya mata komai ba. Shekaru bayan haka, in ana biki na jiyo muryarta daga nesa, sai in ajiye abin da ke hannuna, in gode wa Allah, in sa wa mai kumatu albarka.