Toshewar Kawu Mai Gyaran Famfo

Kawuna mai gyaran famfo ne, kuma wallahi ya iya aikinsa. Bakinsa ne dai babu linzami. In ya buɗe bututun banɗakin da ya toshe, ba ya tafiya sai ya baje abin da ya zaƙulo a ƙofar gida, ya ƙwala wa masu gidan kira gaban maƙwabta: "Ku fito ku ga ƙazantarku!" Tsumma, gashi, audugar mata, duk sai ya ɗaga da sanda. Wata mata har kuka ta yi. Shi ko a jikinsa.

Ana nan sai ya faɗo daga tsani, ƙugu ya bugu. A asibiti aka ba shi ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi, irin su tiramol, da wani maganin ruwa a kwalba. Likita ya ce ƙwayoyin suna kashe wa hanji jiki, bayan gida ya bushe, don haka ya riƙa shan na kwalbar, ya yawaita ruwa da ganye. Kawu ya jefa kwalbar cikin akwatin kayan aiki. Wai shi za a koya wa yadda abu ke bi ta bututu?

Shiru kake ji, bayan gida ya ƙi zuwa. Ciki ya kumbura, ya yi tauri. Sai ya shiga banɗaki ya yi ta nishi, ya fito sharkaf da gumi, ya ce wa matarsa tanki yake dubawa. Da cikin ya fara murɗawa, ya ce ai ciwo ne, ga kuma maganin ciwo a hannu. Ya ƙara ƙwaya. Da abin ya ci tura, ya koma kan ilimin sana'a: toshiya matsi take so. Ya zauna ya narki abinci mai nauyi, wai na sama ya tura na ƙasa. Kai, Kawu! Sai ga amai.

Duk da haka ba mutuwa yake tsoro ba, kada a ji ne. Ina tuƙa shi zuwa asibiti yana cewa, "In ka faɗa wa kowa, ba ni ba kai."

Nas ɗin da ta karɓe mu, matar nan ce da ya sa kuka. Ɗakin cike da mutane. Kawu ya ja hula ya rufe fuska. Ni kam, Allah ya sani, na so ta tona masa asiri.

Sai ta ja labule, ta rage murya. "Baba, yaushe rabonka da bayan gida?" Ta yi masa wankin ciki ta ƙasa, ba wanda ya ji komai sai nishinsa.

Da aka gama, ta ɗauki tasar da aka tari ƙazantar a rufe, ta tsaya a bakin labule.

"Baba, in zubar, ko in kira maƙwabta?"